Jan Fenti a Gidan Baba Dosu

Sunana Nomau, mutumin wani ƙauye ne kusa da Gidan Rumji. Ban taɓa wuce Maradi ba sai shekarar da gero ya ƙi, ba da daɗewa da samun mulkin kai ba. Na bar mahaifina da matata Hajo da ciki, ga rumbu bai kai rabi ba, na bi masu cin rani zuwa kudu. Muka haye kogi a Gaya, muka shiga ƙasar Dahome, har muka kai Faraku, inda hanyar mota ke haɗuwa da ta jirgin ƙasa.

A tashar Faraku wani mutum mai farar riga ya tare mu da sallama. Hausarsa irin tamu ce sak. Ya ce shi ɗan Tibiri ne, ya lissafa mana unguwanni da sunayen dattawa, har zukatanmu suka kwanta. Ya ce ana gina babbar tashar jiragen ruwa a Kwatano, ana neman ƙarti, amma sai da takardar aiki, kuma shi ke samo ta. Muka kwance guzurinmu muka ba shi. Ya sa mu cikin jirgi da hannunsa, ya ce ƙanensa zai tarye mu da takardun, za mu gane shi da jar hula.

Da muka sauka Kwatano, masu jar hula ba su ƙirguwa, amma babu wanda ya san mu a cikinsu. Muka yini a tasha muna leƙa fuskokin mutane. Daga nan abokan tafiyata suka watse, masu ƴan uwa a Ikko suka yi gabas, wasu suka nufi Ankara ta ƙasar Gana. Ni ba ni da kowa ko'ina, ba ni kuma da abin shiga mota, sai na tsaya.

Limamin zango ya bar ni ina kwana a zauren masallaci, da rana in yi dako a kasuwa. A nan na fara ganin teku. Ruwan bai ba ni tsoro ba kamar iskarsa. Iska ce mai danƙo, mai gishiri, tana manne wa fata. Ƴar wuƙata da na ɗauko daga gida, wadda ban taɓa ganin tabo a jikinta ba, cikin ƴan kwanaki ta yi jajawur da tsatsa. Duk ƙarfen da ke garin haka yake, ƙofa da taga da jikin mota, ka taɓa ya bar maka ja a hannu.

Wata rana ina dawowa daga kasuwa na iske wani amalanke ya kafe cikin yashi, ɗauke da wani inji mai nauyi. Wani gajeren dattijo kakkaura, kansa duk furfura, yana ta faɗa da yaren da ban sani ba, ma'aikatansa suna turi abin ya ƙi motsi. Ban tambayi kowa ba na sa kafaɗa. Muka fisge shi, muka tura har cikin wani babban gida mai rumfar kwano, cike da ƙofofin ƙarfe da gadaje da tankuna. Dattijon ya ba ni ruwa na sha. Ya kama hannuwana ya juya, ya ga kantar noma, ya gyaɗa kai. Ya ɗauko buroshin waya da wani guntun ƙarfe mai tsatsa, ya goga na gani, ya miƙo mini. Haka na samu aiki, ba tare da mun fahimci kalma guda ta juna ba.

Sunansa Dosu, kowa Baba Dosu yake ce masa. Sana'arsa kare ƙarfe daga tsatsa. Aikina shi ne na farko kuma shi ne mafi wuya. In bubbuga ƙarfen da ƴar guduma ɓawon tsatsa ya zube, in bi da buroshi, in bi da takarda mai yashi har sai ƙarfen ya yi haske, sannan in goge shi da wani mai mai ƙarfin wari. Da na gama, Baba Dosu zai tada injin iska, ya ja tiyo, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ya ɗauki bindigar feshi. Fenti na farko ja ne, suna ce masa minyom. Shi ke kama jikin ƙarfe ya hana iska da ruwa taɓa shi. Sai ya bushe sarai sannan a fesa na sama, kore ko baƙi ko ruwan toka, yadda mai kaya ya so.

Akwai ranar da na kankare wata ƙofa tas da yamma, na jingine ta ina jin daɗin aikina. Da safe Baba Dosu ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya kama yatsana ya goga a jikin ƙofar, ya ɗaga mini shi. Yatsan ya yi rawaya. Kwana ɗaya kawai iskar teku ta samu ƙarfen tsirara ta fara cinsa. Ya nuna ƙofar, ya nuna gwangwanin ja, ya haɗa yatsunsa biyu wuri guda. Na gane: abin da ka kankare yau, yau ake rufe shi. Na sake ɗaukar buroshi.

Matarsa Maman Afi ita ke dafa wa ma'aikata abinci. Ranar farko na ƙi ci, don na ga irin naman da ke cikin miyar. Ta tsaya tana kallona, ta kalli carbin da ke wuyana. Washegari sai ga ta da sabuwar ƴar tukunya, ta nuna mini cikinta in ga ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Tun daga ranar a ciki take dafa mini kifi da tuwon masara. Kowace yamma kuma ta ba mu madarar gwangwani, ta bubbuga ƙirjinta, wai tana wanke fentin da muka shaƙa. Baba Dosu ya ajiye mini wani faffaɗan katako bayan rumfa don salla, ya kuma hana kowa gilmawa ta gabana.

Duk da haka kewa ba ta bar ni ba. Ruwan sama a can ba ya jiran lokacin da muka sani. In hadari ya haɗo, ƙasa ta yi ƙamshi, sai in tsaya da buroshi a hannu ina tunanin wa zai kama wa tsohona shuka, ko Hajo ta sauka lafiya, ko namiji ne ko mace. Gero kuwa ko ƙwayarsa ban gani ba. Harshena ya yi nauyi don rashin abokin magana, sai ranar Juma'a in na je zango in sake shi.

Ana nan sai gari ya ɗauki zafi. Aka ce gwamnatocin ƙasashen biyu sun ɓata, an kori ƴan Dahome masu aikin buro da lakol, wato ofis da makarantar boko, daga Nijar, an rufe hanya. Kamyo, manyan motocin kaya, suka fara shigowa cike da mutane da katifu da tukwane, mata suna kuka. Samarin gari suka fusata. Aka jefi wasu ƴan uwanmu a kasuwa, aka fasa rumfunan wasu. Ni kuwa ba ni da wurin ɓuya, don zanen Gobirci na nan a kumatuna, daga nesa ana karanta ni.

Baba Dosu ya nuna mini hanyar zango ya girgiza kai, ya nuna ɗakin ajiyar fenti ya kwantar da kansa a tafin hannu. Na gane nan zan riƙa kwana. Ba a jima ba wata rana da hantsi muka ji hayaniya tana tahowa ta layinmu, ana bi gida gida. Na duba katanga ko zan iya haurawa. Baba Dosu ya riƙo ni, ya kwance ƙyallen fuskarsa ya ɗaura mini tun daga ƙarƙashin ido har wuya, ya kifa mini tsohuwar malafarsa, ya danƙa mini bindigar feshi. Tun zuwana ban taɓa riƙe ta ba. Ya tada inji, ya tura ni gaban wata ƙofa, ya ɗora hannunsa kan nawa ya matsa.

Jan fenti ya fito kamar hayaƙi. Samarin suka shigo da sanduna, suka tarar da gida ya turnuƙe, injin yana ruri, ga maigida yana zazzaga wa wani ma'aikaci faɗa don ya ɓata masa ƙofa. Ba ƙarya ya yi ba, ni ne, na kuwa ɓata ta, fentin yana zuba kamar hawaye. Suka toshe hanci, suka leƙa ɗakuna, suka yi tari, suka fita. Da ƙafarsu ta ɗauke, Baba Dosu ya kashe inji, ya zauna kan gwangwani ya daɗe bai tashi ba. Sannan ya dubi ƙofar da na lalata ya fashe da dariya, ya miƙo mini takarda mai yashi.

Bayan ƴan kwanaki kamyo ya tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum mai tabarau ya sauko, da matarsa da ƴaƴansu da akwatin ƙarfe guda. Maman Afi ta fita da gudu tana kuka. Ashe ƙanen Baba Dosu ne, malamin lakol, irin waɗanda muke kira Mushe, yana cikin waɗanda aka koro. Ina tsugune ina wanke hannu ya shigo. Idonsa ya sauka kan kumatuna, ya tsaya cak.

“Kai, Bagobiri, mi kake yi nan?”

Sai da na waiga in ga wa ya yi maganar. Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen gabashin Maradi. Murna ta kama ni, na miƙe na ce, “Sannu da zuwa, Mushe. Aiki nikai wajen Baba. Ashe kana jin Hausa?”

“Ina jin Hausa,” in ji shi. “A Agye na koyar da ɗiyanku tun ina saurayi. Mushe Dogo suke ce mini. Rannan jandarma sunka zo sunka ce in tattara in tahi, kamar wanda ya yi sata. Ko ban kwana da yaran ban yi ba. Na iso gidan ubana, in iske ɗan Nijar na cin tuwo a ciki?”

Na ce, “Allah shi ba ka haƙuri, Mushe.”

“Riƙe haƙurinka,” ya ce, ya wuce.

Ranar na ji su shi da wansa suna ta musu da yarensu. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ji sunana yana faɗowa, na ga Mushe yana nuna ƙofa. Baba Dosu ya buga hannu a kan tebur ya faɗi magana guda. Daga nan Mushe ya daina fitowa cin abinci tare da mu. Ya kulle kansa a ɗaki. In mun haɗu a bakin rijiya sai ya kau da kai. Maman Afi ta rame, Baba Dosu ya daina dariya. Na ga ni ne na shiga tsakanin wa da ƙane, a gidan da aka rufa mini asiri. Na ƙudura a raina zan tafi, ko ina ne, ko da za a kama ni a hanya.

Abu ɗaya ya tsayar da ni. Akwai wani ƙaton tanki da masu ginin tashar jiragen ruwa suka kawo, yana kwance jikin bangon ɗakin Mushe. Mun gama bayansa, na kuma kankare cikinsa, saura a fesa masa ja. Bakinsa ɗaya ne, da ƙyar mutum ke kutsawa. Ƙa'idar Baba Dosu ita ce mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, wani ya riƙe daga waje, kuma kada ya daɗe sai ya fito ya sha iska. Na san in aka bar cikin nan tsirara tsatsa za ta koma, wahalar ta tashi a banza. Na ce bari in rufe shi in bar wa Baba aikinsa kammalalle, shi ne kawai godiyar da nake da ita.

Ranar Lahadi duk suka tafi majami'a, ban da Mushe da ba ya son haɗuwa da mutane. Na tada inji can cikin rumfa, na jawo doguwar tiyo, na ɗaure fuska, na kutsa ciki ni kaɗai. Duhu ne, sai ɗan hasken da ke shigowa ta bakin. Na fara feshi daga ƙarshen ciki. Don in kori tsoro sai na kama waƙar da muke yi wajen gayya in ana noman gero. Muryata ta cika tankin kamar a cikin rijiya. Ina yi ina yi sai na ji wani irin daɗi ya rufe ni, jikina ya yi sakayau, dariya tana son kama ni. Na ga gonarmu, na ga tsoho tsaye a bakin kunya. Na ce bari in ɗan zauna. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka ina amai a kan yashi, kaina a kan cinyar mutum, ana kwara mini ruwa. Wanda ke riƙe da ni yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Farar rigarsa ta koma ja, tabaransa babu, jini na zuba daga gwiwar hannunsa inda bakin tankin ya yanke shi.

“Ɗan banza!” yake cewa. “Wawan Bagobiri! Wa ya ce ka shiga kai ɗai? So kake ka mutu a gidanmu a ce mu munka kashe ka? Buɗe ido! Nomau, buɗe idonka ka dube ni!”

Ranar ya fara kiran sunana.

Na yi kwanaki a kwance, kaina kamar ana sara, ƙirjina na zafi. Baba Dosu da ya dawo ya ga abin da ya faru, ya zage ni da yarensa har muryarsa ta dushe, sannan ya fita ya kira mai magani daga asibiti. Mushe ne ya riƙa zama a bakin tabarmata. Da na samu bakin magana na tambaye shi yadda aka yi ya san na faɗi.

Ya ce, “Waƙar ta tsaya.”

“Ashe kana saurare, Mushe?”

“Bayan lakol ɗinmu gonaki ne. Duk damina ita nike ji ta taga ina koyarwa. Da ka fara sai na jingina da bango. Na ji ka kai tsakiya ka yi shiru, inji kuwa na ta yi. Na jira ka ɗauko ba ka ɗauko ba.”

Na gaya masa dalilin shigata, da cewa na yi niyyar barin gidan saboda shi. Ya girgiza kai. Ya ce, “Ka san abin da yayana ya ce mini rannan da ya buga tebur? Cewa ya yi, wanda ya kore ka ba ya cin abinci a gidan nan. Wannan kuwa ya kankare mini ƙarfe har yatsunsa sun yi jini. In ka ga wanda ya kore ka, ka kawo shi in taya ka dukansa.” Ya yi ɗan murmushi. “Na ji haushinsa don na san gaskiya ya faɗa.”

Washegari na ji ana daka a tsakar gida, irin sautin da na sani. Na ɗauka ciwon ne ke yi mini gizo. Can sai ga matar Mushe, Madam Roza, ta shigo da kwano a rufe. Ta durƙusa ta ce da Hausa, “Tashi ka sha, baƙon Allah.” Na buɗe. Fura ce. Ta ce ranar da ake loda su a kamyo wata maƙwabciyarta ta biyo su da gudu, ta cusa mata ɗan ƙullin gero a cikin zane. Ta ɓoye shi a akwati, ta kasa taɓawa don in ya ƙare shi ke nan. Shi ta daka mini. Babu nono, da madarar gwangwani ta dama, ta matsa lemun tsami. Na kurɓa sau ɗaya na kasa ci gaba, hawaye suka hana ni. Na miƙa wa Mushe kwanon. Muka riƙa karɓa-karɓa har muka shanye.

Ban tafi ba. Da na warke Baba Dosu ya mayar mini da bindigar feshi, wannan karon don in koya. Yanzu ga Mushe tafinta, sai duk abin da ya daɗe yana nuna mini da hannu ya zama magana. Kada bakin bindiga ya matsa kusa da ƙarfe, kada ya yi nisa, kamar tsawon tafin hannu a buɗe. Da kafaɗa ake tafiya da ita, ba da wuyan hannu ba. A fara motsi kafin a matsa, a saki kafin a tsaya. Gara a yi shafe marar kauri a bari ya bushe a sake, da a zuba mai kauri ya yi hawaye. A bi lungu da wurin walda da farko, don nan tsatsa ke fara shiga. Kada a fesa in hadari ya taso. Mushe yana fassarawa yana ƙara nasa, wai in na ɓata zai sa ni durƙuso kamar ɗan lakol. Ashe Baba Dosu mutum ne mai ban dariya, duk zaman da muka yi ban sani ba.

Sannu a hankali gari ya lafa. Mushe ya samu aji a wata makaranta. Ni kuma hannuna ya faɗa, har Baba yakan bar mini gadaje da ƙofofi in gama ni kaɗai. Da aka buɗe hanya, fatake suka fara zuwa daga arewa, na gaya masa ina son in ga gida. Bai hana ni ba. Ya haɗa mini tsohuwar bindigar feshi, da buroshi, da gwangwanin ja da na fari. Maman Afi ta wanke ƴar tukunyata ta sa mini cikin kaya. Na durƙusa gabansu na yi godiya da Hausa, Mushe zai fassara Baba ya ɗaga masa hannu, wai wannan ya ji.

Mushe ya raka ni tashar jirgi. Muna tsaye yana ta gyara tabarau, na ga akwai magana a bakinsa. Sai da jirgi ya yi kuka ya ce, “Nomau, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Muna da ɗiya, Mariya, ita ce ta fari. Ƙyanda ta ɗauke ta tana ƙarama. Tana can Agye bayan lakol, gindin wata bishiyar bedi. Na sa maƙeri ya yi mata ɗan shingen ƙarfe saboda dabbobi. Ba ni roƙon ka komi. In dai hanya ta bi da kai, ka duba mini ko wurin na nan.”

Na ce, “In Allah ya kai ni gida da rai, zan tahi.”

Na iske tsoho da rai, ya ƙara tsufa. Hajo ta fito da ɗa namiji a hannu, har yana gudu, ya gan ni ya ɓuya bayan zanenta. Na yi damina a gida. Da aka gama girbi na ɗauki gwangwanayena na hau kamyo zuwa Maradi, daga can na wuce Agye.

A ƙofar lakol na tarar da mai gadi, wani dattijo da ake kira Malam Tanko. Na yi sallama na ce daga wajen Mushe Dogo nake. Ya miƙe har sandarsa ta faɗi.

“Yana da rai? Da Madam? Da yaran?”

Na ce duk suna lafiya. Ya riƙe hannuna ya kasa saki. Ya kai ni bayan makaranta. Ga bedin, ga wurin an kewaye shi da sabuwar ƙaya, an share ciki tas. Ya ce duk shekara yake sake ƙayar. Shingen ƙarfen na nan, amma ruwan damina ya ci ƙafafunsa, ya yi ja, wani wurin har ya fara ɓarewa.

Na tuɓe riga na fara bubbugawa da kankarewa. Mutane suka taru suna kallo. Wani daga cikinsu ya ce, “Malam, kai Musulmi, kabarin da ba na Musulmi ba kake wa hidima?”

Kafin in buɗe baki Malam Tanko ya ce, “Yarinya ce. Yatsana ta riƙe ta koyi tahiya. In ba ka taya mu, matsa ka ba mu iska.”

Can sai mutumin ya tsuguna ya riƙe mini gwangwani.

Babu injin iska a Agye, da buroshi na yi. Na kankare har ƙarfen ya yi haske, na shafa ja tun rana ba ta faɗi ba, na bi kowane lungu. Na kwana gidan Malam Tanko. Mata suka yi ta aiko da abinci, kowace tana tambayar Madam Roza. Iyayen yara suka zo suna so in sake ba su labarin Mushe, na ba su, har da zagin da ya yi mini a kan yashi, suka yi ta dariya suna cewa shi ne, bai sake ba. Da jan ya bushe na bi shi da fari.

Daga baya na samu injin iska na kafa rumfata a Gidan Rumji, ina fesa amalanke da garmar shanu da ƙofofi. Da wannan sana'a na ci da iyalina har ƙarfina ya ƙare. Ban sake komawa Kwatano ba, ban sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Addininmu ba ɗaya ba, amma ban taɓa ɗaga hannu ina roƙon alheri ba tare da sun faɗo mini a rai ba.

A lokacin dai, da na dawo daga Agye, na nemi wani direba da ke kai albasa kudu. Na kwatanta masa gidan Baba Dosu, na ce ya nemi dogon mai tabarau, ya ce masa in ji Nomau, wurin na nan, ana share shi, kuma an yi masa ja an yi masa fari. Sai bayan watanni direban ya dawo ya neme ni a kasuwa. Ya ce ya samu gidan, ya isar da saƙo. Ya ce dogon ya cire tabarau ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, matarsa ta shige ɗaki. Da ya ɗago, abin da ya tambaya shi ne ko ruwa ya sauka sosai a Agye bana.

Na ce wa direban in ya koma ya gaya masa ya sauka, gero ya yi kyau har bayan lakol.